Tuwonka Na Hucewa

Tuwo nit tahi kaiwa hwadama, ba wani abu ba. Ranar ruwanmu ta, an sako shi daga dam ɗin Goronyo, ɗana na can gonar albasa tun azahar shina ban-ruwa. Matatai Uwaliya na wankan jego, sai nic ce ta zauna, ni in kai.

Shi na ɗan hwarina. Kun san al'ada, tun da anka raɗa mishi suna bakina bai taɓa kiran shi ba. "Kai wannan" nika cewa, shi amsa. Nan ma ba ni rubuta shi, ku yi haƙuri.

Shina da wani wasa cikin waya, gem suka ce mishi. Wani ɗan mutum na riƙe da hitila, shina sauka cikin ƙasa ɗaki bayan ɗaki. In an kashe shi, duk abin da yat tara ya tahi, sai a koma bakin ƙohwa. Kuma hanyar ba ta maimaita kanta. Wata rana ina tsinkar zogale ya aza min wayar a hannu don shi samu abin dariya. Ban je ko'ina ba wani abu ya cinye ni.

"Inna, kin yi gudu," yac ce. "Duk sabon shiga haka shika yi. Abubuwan ciki ba su motsi sai kin motsa. Ki taka, su taka. In kin rikice, tsaya ki duba. Kuma ba duk abin da kig gani ƙasa aka ɗauka ba."

"To ni in hardace hanya mana."

"Gobe ba ita ba ta. Halin abin za ki koya. Kowane da abin da bai iya ba."

"Wasan wahala. Mutum shi mutu shi koma hwarko, ina daɗi nan?"

"Duk mutuwa da abin da taka koya miki. Ko masu kallo sun hwara ganewa."

"Waɗanne masu kallo?"

Yac ce in shina wasan gindin tsamiyar bakin lambatu, injin ban-ruwa na aiki, yakan ji numfashi bisa wuya nai. Ya yi dariya. Ni ban yi ba. Nic ce shi bar taɓa waya wurin nan in rana ta yi ja. Yac ce to. Kun dai san "to" ɗin ɗiyan yanzu.

To, ranar nan rana ta yi ja sosai sa'ad da nik kai bakin lambatu. Warin albasa, warin laka, da ɗan hayaƙin mai. Kwaɗi na ta kuka. Daga tsamiya, in ka bi gaɓar hwangalin albasa ka karya dama, ga gonarmu. Ko ido rufe ina zuwa.

Na bi gaɓa. Na karya dama.

Sai ga ni gindin tsamiya.

Nic ce halan tunani ya ɗauke ni. Na sake bi. Wannan karon gaɓar ta karya hagu, inda ban taɓa sanin akwai hanya ba. Ruwan hwangali kwance lum, ba shi gudu. Sai lokacin nil lura ba ni jin inji. Kwaɗin ma sun yi shiru.

Na ɗaga ƙahwa da sauri, na zame, gwiwa ta taɓa laka.

Ina ɗagowa, tsamiya.

Na yi ta'awwuzi. Kwanon tuwo na kaina, da zahi nai har yanzu. Gaɓoɓin sun sake zama, sun yi ɗaki-ɗaki har iyakar gani. Nan nit tuna da wayar.

Na tsaya. Na duba.

Bisa gaɓa, dab da ƙahwata, ga zoben azurhwa. Na mahaihiyata, wanda yaɓ ɓace tun ina amarya. Hannuna ya hwara sauka da kai nai. Na maishe shi bisa kwano. Na ƙetare.

Na taka. Can bayana wani abu ya taka cikin ruwa. Caɓ.

Na tsaya. Ya tsaya.

Haka nit tahi, taku da dubawa, taku da dubawa, har nih hango ɗana. Tsaye tsakiyar hwangali, ruwa iya idon sawu, ido rufe, waya na haske a hannu nai. Ko numfashin kirki ba shi yi.

Ƙetaren shi, bakin babban lambatu inda ruwa ka cin mutum, wata mata na tsaye. Zanena. Kallabina. Kwanona bisa kai.

Ta buɗe baki, muryata ta hito.

Ta kira sunan. Sunan nan da ban taɓa hwaɗi ba. A hankali, da daɗi, har da ja mishi wutsiya.

"Zo nan mana. Zo wurin Inna."

Na taka. Ta taka. Ta hi ni kusa da shi.

Wallahi sunan ya zo min har bisa harshe. Nic ce yau kunya ta ƙare, in kira shi da ƙarhi shi san ina nan. Na ja numfashi.

Ta sake kira. Sai nig ga ya ƙara matse ido, ya girgiza kai kaɗan.

Ashe abin da yat tsai da shi ke nan. Ya san uwatai ba ta hwaɗin shi. Da na kira, da mun zama mu biyu, ba shi san ta gaske ba.

Na haɗiye sunan. Na nemo muryar tsakar gida.

"Kai wannan! Tuwonka na hucewa."

Ya buɗe ido.

"Inna?" Da raɗa.

"Taho. Kar ka yi gudu."

Ya taka. Ta taka. Ya sake, ta sake, amma nata takun ya hi tsawo. Wari ya taso, irin na rijiyar da anka daɗe ba a buɗe ba. Ya kama hannuna, nashi sanyi ƙarara. Tana bayanmu. Ina jin ruwa na ɗiga daga bakin zanenta.

"Sabuwar shiga ta," yac ce cikin kunnena. "Komi tag gani, ɗauka taka yi."

Ya saki wayar bisa gaɓa.

Mun taka. Ba mu ji caɓ ba.

Na saci kallo. Ta duƙa. Ba daga ƙugu ba, daga tsakiyar baya, kamar an karya kara.

Mun taka. Na aje kwanon tuwo. Mun taka. Ya yar da hula. Na tuɓe takalma, na bar su ɗaya bayan ɗaya. Kowane sai ta tsaya ta ɗauka.

Abin yarwa ya ƙare.

Caɓ.

Caɓ.

Numfashi bisa wuyana.

Sai kiran salla ya taso daga wajen Kwargaba, can nesa, siriri. Inji ya kama ruri. Kwaɗi sunka ɓarke. Ga tsamiya bayanmu, ga hanyar gari gabanmu, yadda take kullum. Nan ne munka yi gudun.

Ya kwanta zazzaɓi, ni ma haka. Da sahe anka je ba a ga waya ba, ba kwano, ba takalma. Ya sayi ƙaramar waya mai maɓalli. Ban-ruwa kuma da hantsi shika yi, la'asar na yi shina gida.

Na ɗauka ya wuce.

Ran sunan jaririn Uwaliya, baƙi sun watse, magariba ta kawo kai. Ina bakin murhu, shi kuma na alwala kusa da ni. Sai munka ji daga bayan darni, wajen hanyar hwadama, muryata. Ba daɗi wannan karon. Da ɗan hwaɗa-hwaɗa, yadda nika yi.

"Kai wannan. Tuwonka na hucewa."

Buta ta hwaɗi daga hannu nai. Ya dube ni. Bakina rufe shike.

"Ta koya, Inna," yac ce.

Tun ranar, duk sahiya kahin shi hita, nika raɗa mishi abin da zan kira shi da shi yinin nan. Ba mu maimaita na jiya.