Sunan Da Inna Ba Ta Taɓa Kira Ba

"Ki janye labarin nan, Rahina! Yau ɗin nan!"

Zubair ya faɗa yana dukan sitiyari. Cunkoson motoci a titin Wendover ya riƙe su, ga zafin la'asar, ga zuciya.

Rahina ta juyo a fusace. Shekara da shekaru tana rubuta gajerun labarai na jiragen 'yan sama jannati da duniyoyin da ba a je ba tukuna, bayan ta taso daga aikin sito. Mujallu sun yi ta mayar mata da su. Sai yanzu da wata ta karɓa, har aka gayyace ta ta karanta shi ɗazu a ɗakin karatu, mijinta zai ce ta janye?

"Me na yi maka, Abban Nana?"

"Tambayata ma kike? Uwata kika sa a cikin na'ura! Da maganarta, da tarinta, da komai!"

Gaskiyarsa ce, ita ma ta sani. A labarin, wani matuƙi ya yi nisa da duniya, sai na'urar jirgin ta yi masa magana da muryar mahaifiyarsa da ta rasu. Inna sak.

"Ai ban ambaci sunanta ba…"

"Amma kin sa ta ambaci nawa! Ni ɗan fari ne. Har Inna ta koma ga Allah ba ta taɓa buɗe baki ta ce Zubair ba, sai dai 'wancan yaron'. Kunyarta ke nan, mutuncinta ke nan. Ke kuma kika tsaya gaban dattawanmu, su Alhaji Ɗantala, kika tsiraita ta!"

Ran Rahina ya ƙara ɓaci. Mutumin nan fa shi ne ya yi kuka a kafaɗarta ranar da aka bugo waya daga Kano, bai ko samu jana'iza ba.

"Kai ka ce min da ma sau ɗaya ka ji ta kira ka! Kai ka faɗa! Ba ni da abin da zan ba ka sai rubutu, shi na ba ka!"

"To zaɓi. Ko labarin, ko ni."

"Wallahi ba zan janye ba. Edita na jira, kuma ban yi ƙarya a kan Inna ba. In tafiya za ka yi, ga hanya nan!"

Ya karkatar da motar ya faka gaban wani kanti. Ta ɗauka fita zai yi. Sai ya kifa kai a kan sitiyari, kafaɗunsa na rawa.

Haushi bai sake ta ba, amma hannunta ya kai bayansa.

"Rahina… na fita kafin ki gama karantawa. Da ta kira shi… ya amsa?"

"A'a, masoyi. Nan labarin ya tsaya."

Ya ɗago, idanunsa jawur.

"Ki gaya wa editan ya dakata. Ki ƙara layi ɗaya… ki ce yaron ya ce, 'Na'am, Inna.'"