Maɓallin Ƙ

Ranar da ya fara shigowa shagon Baba, rungume yake da kibod ɗin kwamfuta kamar mai kai jariri asibiti. Auta na zaune a bayan teburin gyara, hayaƙin dalma na tashi a gabanta.

"Da hannuna na haɗa shi," in ji shi. "Na farko ke nan. Amma layin tsakiya gaba ɗaya ya ƙi magana."

Ta kwance bayan, ta ɗora mitar awon wuta. Minti biyu ba a yi ba ta gano waya guda da dalma ba ta kama ba.

"Sannu da aiki, Injiniya."

Shi ke nan, suna ya bi shi. Mai fassara ne, ya gaji da farautar ƙ da ɗ da ɓ a kwamfuta, shi ya sa ya haɗa kibod mai maɓallansu. Ta gyara layin, sai dai ta ce maɓallin ƙ na wasa, ƙafarsa ta lanƙwashe, ya bar mata shi zuwa gobe.

"Haba Likita, ai yana yi in an danna da ƙarfi. Zan dawo da shi."

Ya dawo kam, kusan kullum, amma ban da kibod ɗin. Ita ma da ya kamata ta matsa masa, hira ta ɗauke mata hankali. Wannan sakacin shi take tunawa har yau.

Da maganar aure ta taso tsakaninsu, Baba bai ɓoye ra'ayinsa ba. "Mutumin da ke zaune a ɗaki ɗaya da littattafai har kan gado, ina zai ajiye min ke? Kuma ya haɗa abu bai ƙarasa ba. Ya nemi muhalli tukuna."

Ta gaya wa Injiniya, suka rabu ranar rai a jagule. Bayan sati biyu saƙonsa ya shigo, daga kwamfuta ya turo:

"Likitata, Baba ya yi gaskiya. Na yanke shawara. Wata mai zuwa zan aura."

Ta karanta sau uku. Wata mai zuwa? Daga ina? Ita da ke gaya wa masu kawo gyara kada su zargi na'ura sai sun gwada, ba ta gwada komai ba. Ta rubuta, "Allah ya sanya alheri," ta toshe lambarsa.

Ya zo shago sau huɗu, tana jin muryarsa ta shige ciki. Zuwansa na ƙarshe ya daɗe yana magana da Baba, ya tafi ya bar kibod ɗin.

"Auta, ki duba wannan," in ji Baba.

"Baba, don Allah a bar maganar."

"Ba maganarsa na ce ba, aiki na ce."

Ta ɗora shi can saman kanta. Baba ya sake tuna mata sau biyu, tana cewa gobe. Daga nan ciwo ya kwantar da shi, cikin wata na biyar ya rasu.

Sai da ta zo kwashe kayan shago ta sauko da shi, duk ƙura. A jikinsa akwai 'yar takardar da Baba ke liƙa wa kayan gyara, da rubutunsa mai rawa: "Ƙ ba ya yi. Yaron ya kama gida, na je na gani. Na yarda."

Ta jona shi, ta danna ƙ. Shiru. Ta rubuta "zan ƙaura", allo ya nuna mata "zan aura".

Nan ta zauna a kujerar Baba ta yi kukan da ba ta yi ba ko ranar rasuwar. Wata bakwai, saboda ƙafar maɓalli da ba ta kai ƙwayar shinkafa ba. Da ta saurara, da Baba ne zai ba da ita da bakinsa.

Ta buɗe lambarsa. "Injiniya, na gwada. Ka yafe min."

Amsa ta zo nan take. "Ni ne mai laifi, Likita. Kin ce in bar shi, na ƙi, kuma na tura ban karanta ba. Gidan na nan. Ɗaki ɗaya na bar shi babu komai, na ce ko za ki so wurin teburin gyara."

Da aka zo sa ranar aure, kawunta ne ya tsaya a madadin Baba. Mama ta sa musu albarka tana share ido, ta ce Allah ya ba su zaman lafiya da haƙurin sauraron juna. Takardar Baba kuwa Auta ta mayar da ita cikin kibod ɗin kafin ta ɗaure bayansa, bayan ta miƙe ƙafar ta sa mata sabuwar dalma.

Da safiyar ɗaurin auren ta tura masa: "Yau zan ƙaura."

Ya amsa: "Ni kuma yau zan aura. Kada ki toshe ni, maɓallin lafiyarsa ƙalau."

Ta yi dariya, ta juya don ta nuna wa Baba, sai ta ga kujerarsa babu kowa a kai.