Cikon da Ya Ci Amanar Lorene

Rana ta take a bayan garin Dallas, zafin Agusta kamar bakin murhu, amma Lorene Kubiak tana durƙushe a gindin bango riƙe da tiyo, tana shayar da harsashin gidanta, hawaye na ɗiga kan yumɓu. Kowa ya san in rani ya yi sai an ba harsashi ruwa kada ƙasa ta bushe ta janye, ita kuwa tun rasuwar mijinta ba ta taɓa tsallake rana ɗaya ba. Duk da haka ƙofar ɗaki ta ƙi rufuwa, tagogi sun karkace, bangon ɗakin 'yarta Tessa ya dare har hannu na shiga... Kaico!

Doyle, wan mijinta, shi ya gina unguwar kaf. Ya fito daga mota da ƙaton tumbinsa, ya dubi tsagar ya yi tsaki.

"Kin kashe gidan ƙanena da ƙishirwa, Lorene. Ruwa ma sai an koya miki?"

"Yaya, wallahi kullum ina ba shi, dubi hannuwana!"

"To kin cika masa ruwa ke nan. Ke dai ba kya iya komai daidai."

Ka ji mugu! In ta rage ruwa laifi, in ta ƙara laifi. Bai tsaya nan ba, ya sa aka sare itacen da marigayi ya shuka, wai saiwarsa ke tsotse damshi. Ya bi coci yana yaɗa cewa raguwa ce, har mata suka daina zama kusa da ita. Sannan ya zuga uwarsa, tsohuwa Bernice, ta zo ta ja hannun Tessa, yarinya 'yar shekara shida.

"Jikata ba za ta kwana inda rufi zai danne ta ba. In kin zama uwa ta gari kya gan ta."

"Mama, ki ji tsoron Allah! Ita kaɗai ta rage min..."

Tessa na ihu tana miƙo hannu, motar ta wuce. Lorene ta zube a bakin ƙofa tana kuka kamar ranta zai fita. "Ya Ubangiji, kai ka ga abin da ke ƙarƙashin ƙasa, ka fito da gaskiyata!"

Wata bakwai tana wannan azaba. Sai gidan maƙwabci ya tsage, na gaba da shi ma, har gida tara a jere. Duka matan unguwa ragwaye ne? Maƙwabta suka ɗauko injiniya, Ofelia Barrera, ta kafa injin haƙa a tsakar gidan Lorene. Bututun injin ya fito da baƙin taɓo mai wari da ruɓaɓɓen kututture.

Ofelia ta girgiza kai. "Baiwar Allah, tsohon kududdufi ne a nan. Ciko ana zuba shi taƙi ɗaya, a daɓe, a sake zuba taƙi ɗaya. Wannan tsayin mutum biyu aka juye lokaci guda, aka murje saman kawai. Ko kogi kika ba shi, ko kika hana shi, sai ya nutse."

Lorene ba ta yi kuka ba wannan karon, ita da maƙwabta suka maka Doyle a kotu.

A kotu asirin Doyle ya tonu, zufa ta jiƙa masa riga. Alƙali ya ƙwace lasisinsa, ya tilasta masa tokare gidajen tara da ginshiƙan ƙarfe har ƙasa mai tauri. Matan cocin nan suka fara sunkuyar da kai in sun hango ta. Tir da masu saurin yarda!

Daga kotu Lorene ta zarce gidan tsohuwa. Tessa ta sheƙo da gudu ta ƙanƙame ta, suka fashe da kuka tare. Bernice ta fito tana murza hannu, idanunta jajur.

"Ɗiyata, ɗana ne, shi ya sa na yarda... Shigo ki zauna mu yi magana."

Lorene ta saɓa 'yarta a kafaɗa, ta dubi tsohuwar ido cikin ido.

"Wata bakwai ina roƙon ki saurare ni, Mama. Yau ba magana na zo ba. Ina takalmanta?"