Saniyar da Malam Badaru Ya Ƙi Yankawa

A wani ƙauye kusa da Tofa akwai wata yarinya mai suna Aina'u. Tana aji biyar a firamare. Yarinya ce mai ƙoƙari, amma bakinta ya fi tunaninta sauri. Kafin tunani ya gama neman takalmi, magana ta riga ta kai ƙofar gida.

Duk ranar kasuwa ita ake aika sayen nama. Tana da wani ɗan kwano mai murfi, wanda aka zana jajayen furanni a cikinsa. A da, idan Malam Badaru mahauci ya zuba mata nama, sai ya rufe furannin nan ruf.

To, bara an yi fari. Ruwa ya ɗauke tun gero bai gama fitar da kai ba. Aina'u ta sha jin manya suna zancen, amma ta ɗauka maganar gona ce kawai. A ganinta babu abin da ya haɗa nama da ruwan sama.

A cikin bazarar nan kakarta, Kaka Hure, ta yi rashin lafiya. Da ta fara samun sauƙi, aka ce a asibiti a riƙa yi mata romo. Ranar kasuwa Inna ta ba Aina'u kuɗin da aka saba ba ta, ta ɗauki kwanonta ta tafi.

Ta sami Malam Badaru a rumfarsa yana wasa wuƙa. Dattijo ne mai furfura a gemu, ba ya yawan magana.

"Baba, ina wuni?"

"Lafiya lau, 'yata. Yaya jikin tsohuwa?"

"Da sauƙi."

Ya yanka nama ya zuba mata. Aina'u ta leƙa kwano. Furanni na nan a waje suna kallonta.

Ta ce, "Baba, saura."

Ya ce, "Shi ke nan, 'yata. Shanu sun yi tsada."

A makon nan ne kuwa malaminsu na Islamiyya ya koya musu cewa tauye mudu babban zunubi ne. Darasin yana nan sabo a kanta, tana ta neman inda za ta sauke shi. Sai ta ɗaga murya.

"Kuɗin da nake kawowa kullum ne fa. Wannan ai tauye mudu ne! Malaminmu ya ce masu tauye wa mutane ba za su ji daɗi ba ranar lahira."

Kasuwa ta yi tsit. Mai tumatir ya juyo. Yaran da ke wasa a gindin darbejiya suka matso.

Malam Badaru ya ajiye wuƙa, ya dube ta. Bai yi faɗa ba. Ya naɗe wani abu a takarda, ya sa a kwanon, ya rufe murfin.

Ya ce, "Allah ya shirye ki, 'yata. Ki gai da tsohuwa."

Aina'u ta koma gida tana jin kanta. Inna ta buɗe kwano, ta warware takardar. Ƙaton ƙashi ne mai ɓargo.

Inna ta ce, "Allah ya saka wa bawan Allahn nan. Tun da Kaka ta kwanta yake sako mata wannan, bai taɓa karɓar ko kwabo ba."

Aina'u ta ce, "Ai yau na faɗa masa gaskiya." Ta kwashe labari duka ta ba Inna.

Inna ta saki baki. "Malam Badaru kika faɗa wa haka? Mutumin da ya girmi babanki? A gaban mutane?"

"To, Inna, ki duba kwanon mana."

"Na duba. Kin tambaye shi dalili?"

"Ya ce wai shanu sun yi tsada."

"Kin bincika kin ga ƙarya yake yi?"

Aina'u ta kawar da kai, ba ta yarda ta yi laifi ba.

Magana ba ta tsaya a kasuwa ba. Yara suka ɗauke ta suka shiga unguwa da ita. Duk inda Malam Badaru ya wuce a kekensa, sai su bi shi suna cewa, "Mai tauye, mai tauye." Mata suka ji a cikin gidaje. Wasu suka ce dama sun lura nama ya ragu, suka daina aika yaransu wurinsa.

Da kasuwa ta zagayo, Aina'u ta bi ta gaban rumfarsa bayan la'asar. A da, kafin azahar ya sayar ya wanke tebur. Yau ga nama nan a rataye, shi kuma yana zaune yana korar ƙuda da mafici. Shekara talatin yana sana'ar nan ba a taɓa kiransa macuci ba, sai yanzu. Aina'u ta sauya hanya.

Da yamma babanta, Malam Hashimu, ya kira ta. Ta zo a tsorace, tana zaton duka ne.

Ya ce, "Na ji abin da kika yi. Gobe Asabar, babu makaranta. Za ki raka ni kara."

"Kasuwar shanu, Baba? Me za mu saya?"

"Ba abin da za mu saya. Kin san kwano, amma ba ki san inda nama yake fitowa ba."

Washegari da safe ya ɗauke ta a babur. Aina'u ta taɓa zuwa kara shekara biyu da suka wuce. A lokacin ko wurin sa ƙafa babu, ƙaho yana gugar ƙaho. Yau kuwa yawancin turakun da ake ɗaure shanu babu komai a jikinsu. 'Yan shanun da ke wurin ma, ana iya ƙirga haƙarƙarinsu daga nesa.

Can gefe ta hango Sama'ilu makiyayi. Ta san shi sosai. Duk kaka yakan kawo garkensa gonarsu, shanu su ci karan gero, su bar musu taki. Yau wata ramammiyar jar saniya ce kaɗai a hannunsa.

Bayan sun gaisa, Aina'u ta ce, "Kawu Sama'ilu, ina sauran shanun?"

Ya yi murmushin da bai kai zuci ba. "Fari ya cinye su, yarinya. Ciyawa ta ƙare tun kafin a gama girbi. Tafkunan da muke shayarwa sun ƙafe. Bakwai suka mutu ina kallo. 'Yan uwana sun yi kudu da nasu, neman ruwa. Harawa da dusa kuwa sun fi ƙarfina."

Baba ya ce, "Kin ji ko? Masu son nama suna nan yadda suke, shanu ne suka ragu. Idan abu ya yi kaɗan, masu nema suka yi yawa, dole ya yi tsada. Abin da Malam Badaru yake sayen shanu biyu da shi a da, yanzu da ƙyar yake ba shi ɗaya. Ta ina kwanonki zai cika?"

Aina'u ta sunkuyar da kai. Kafin ta ce wani abu, sai ga Malam Badaru ya shigo kara yana tura kekensa. Ta yi wuf ta ɓuya a bayan babanta.

Wani dillali ya tare Malam Badaru, ya jawo shi wurin Sama'ilu.

Ya ce, "Malam, ga araha ta same ka. Rabin kuɗi ya ce a ba shi."

Malam Badaru ya zagaya saniyar. Ya shafa gefen cikinta a hankali, ya tsaya da tafin hannunsa a wurin. Ya durƙusa ya duba hantsarta. Sannan ya miƙe.

"Sama'ilu, wannan ai ciki gare ta."

Sama'ilu ya kawar da kai. "Na sani, Malam. Ba ni da abin ba ta. Gara in sayar kafin ta faɗi."

Dillali ya rage murya. "Ka ɗauka kawai. Wa zai sani? Da wannan sai ka cika wa mutane kwano, yara su daina yi maka waƙa."

Aina'u ta ji maganar kamar an tsunkule ta. Ta leƙo ta ga abin da zai yi.

Malam Badaru ya girgiza kai. "Ni zan sani, Allah ma ya sani. In na yanka ta, biyu na yanka. In duk mahauta muka bi araha muka yanke masu ciki, baɗi wa zai haifa mana shanu? Yaran da ke kukan nama ya yi kaɗan, ko ƙashi ba za su samu ba. Su yi ta waƙarsu, zan jure."

Ya juya wurin Sama'ilu. "Kada ka sayar da ita. Ina da harawar wake a kan ɗakina. Ka kawo ta bayan gidana ta ci har ruwa ya sauka. Taka ce, ɗan da za ta haifa ma naka ne. Ni takinta ya ishe ni."

Sama'ilu ya kama hannun Malam Badaru da hannu biyu. Daga nan Malam Badaru ya wuce ya sayi wani ɗan bijimi da tsadarsa, ya ja shi ya tafi.

Aina'u ba ta san lokacin da hawaye ya zubo mata ba. Ta ji kunya irin wadda ba ta taɓa ji ba. Ta kuma ji girman dattijon nan ya cika mata zuciya.

Ta ce, "Baba, mu je gidansa in ba shi haƙuri."

Baba ya ce, "A gidansa kika ɓata masa suna?"

"A'a, a kasuwa ne."

"To, can za ki gyara."

Ranar kasuwa Aina'u ta ɗauki kwanonta. Ta nufi wurin Malam Badaru. Ta durƙusa a gaban rumfar.

"Baba, na yi maka ƙazafi. Ka yafe mini."

Ya ce, "Tashi, 'yata. Na yafe tun ranar."

Ta tashi, amma ba ta tafi ba. Ta juya ta fuskanci mutane. Wannan bakin da ya jawo rigima, yau ya sami aikin kirki. Da murya mai ƙarfi ta ce ita ce ta fara kiransa mai tauye, kuma ba gaskiya ba ne. Ta ba su labarin turakun da babu shanu. Ta ba su labarin tafkunan da suka ƙafe. Ta ba su labarin jar saniya da abin da dillali ya ce, da amsar da aka ba shi.

Mai tumatir ya ce, "Dama ni na yi mamaki. Tare muka tashi da Badaru, ban taɓa jin ya cuci kowa ba."

Wata tsohuwa ta miƙa kwanonta. "Zuba mini, Malam, ko yanka uku ne. Naka ya fi kwanciya a rai."

Ranar nan kafin la'asar Malam Badaru ya wanke tebur. Yara kuma suka nemi wata waƙar.

Tun daga nan, kullum aka tashi daga makaranta, Aina'u takan kai wa jar saniya ɓawon wake da bokitin ruwa. Sannu a hankali haƙarƙarinta ya fara ɓuya.

Ruwan farko ya sauka, ƙasa ta yi ƙamshi, ciyawa ta tsiro. Wata safiya Malam Badaru ya aiko a kira Aina'u. Ta je da gudu. Ga wata 'yar maraƙa ja kamar uwarta, tana ta ƙoƙarin tsayawa, ƙafafu na lanƙwashewa. Sama'ilu yana tsaye yana dariya har haƙoransa duka a waje.

Malam Badaru ya ce, "Kin gan ta? Nama ba zai yi araha gobe ba, 'yata. Sai irin waɗannan sun girma. Amma ga shi an fara."

Bayan mako biyu Sama'ilu ya ce Aina'u ta zo da kwanonta. Ya tatsi madara ya zuba mata, ya ce a kai wa Kaka Hure. Aina'u ta leƙa. Madara ta rufe furannin ruf, ko ɗaya ba a gani.

Ta kai gida tana tafiya a hankali don kada ta zube. Kaka ta kurɓa, ta lumshe ido.

Ta ce, "To, sarkin baki, me kika koya?"

Aina'u ta ce, "Na koyi kada in zargi mutum sai na bincika. Kuma in na ɓata wa wani suna a gaban mutane, a gaban mutane zan gyara."

"Saura ɗaya," in ji Kaka.

Aina'u ta yi ɗan tunani, wannan karon kafin ta buɗe baki.

"Mutumin kirki yana yin abin da ya dace, ko da ana zaginsa."

Kaka ta miƙa mata kwanon. "Sha sauran. Ke ma kin yi wa saniyar nan wahala."