Motar Nomau Ba Ta da Kik

Tun kafin kiran assalatu muka turo motar Nomau daga ƙofar gidansa, ni da shi, har ta yi tari ta kama. Nomau taubashina ne, maharbi na gaske, amma a kan motar nan maƙo ya yi masa katutu. Tsohuwar jif ce mai fowil, wato mai ja da taya huɗu. Lagireto na yoyo, garin kuka yake zuba masa. Bambar baya ta saki, ya ɗaure ta da robar tsohon tub na taya. Da kik, abin tayar da injin, ya mutu, bakanike ya faɗa masa kuɗin sabo, sai ya ce ai Allah bai halicci gangara a banza ba. Tun daga ran nan ba ya ajiye ta sai a kan tudu, hanci ƙasa, dutse a gaban taya. Na sha yi masa tsiya, amma duk sanda muka nausa daji da ita gabana faɗuwa yake.

Hantsi ya same mu a Dajin Marke, inda ko makiyayi ba ka gani. Nomau ya tsaya a kan wani tudu mai gangarawa zuwa busasshen rafi, yashi fal. Muka saɓa bindigogin toka, adda a ƙugu, muka bi sawun gwanki cikin gamba.

Sawun da ya ratsa na gwankin ne ya tsayar da ni: kofato mai faɗi, ga kashi ɗanye da ƙuda a kai. Bijimin ɓauna ne, irin tsohon da garke ya kora. Kafin in taɓa Nomau, ciyawa ta dare, bijimin ya yo kanmu. Nomau ya harba, hayaƙi ya turnuƙe, na ji ƙaho ya shiga nama. Na saki tawa a wuyan dabbar, ta yi gurnani ta faɗa cikin duhuwa, ba ta mutu ba.

Cinyar Nomau ta tsage har kusa da gwiwa. Na ɗaure da rawanina, na goya shi, na bar bindigogin a nan. Ina tafe jininsa na bin bayana, can baya kuma ina jin ƙiraren da ke karyewa.

Sai da na kwantar da shi a kujera na dubi gangarar sosai. Gajeriya ce. In motar ba ta kama ba kafin yashi, babu mai tura ta, Nomau kuwa ba zai kai azahar ba. Ni kuma tuƙina bai wuce na koyo ba.

Da muryar da ba ta fita sosai ya ce in murɗa makulli, in fitar da giya, in cire dutsen, in faɗo ciki in sa lamba biyu.

"Cindo, kar ka saki kuloci sai na ce."

Na shure dutsen. Motar ta fara gangarawa kamar ba ta so. Na yi tsalle na shiga, na taka kuloci na sa lamba biyu. A madubi na hango bijimin ya fito, wuya jina-jina. Yashi na matsowa, Nomau shiru. Na waiga, ashe ya suma.

Na yi bisimilla na saki. Ta fizge, ta yi tari, ta yi kamar ta mutu, sannan ta ɗauka da ruri daidai lokacin da tayoyin gaba suka taɓa yashi. Ƙaho ya daki bayanta, bambar nan ta tsinke ta zauna a rafin.

A ƙofar asibitin gari, ana cicciɓar sa, Nomau ya buɗe ido ya dubi filin, shimfiɗe kamar tabarma. Ya kamo hannuna.

"Kar ka kashe ta, nan babu gangara."

Na dube shi, hawaye na zubo min don haushi da murna. Na miƙa hannu na kashe ta.