Ɓera ta Goma Sha Uku

Gab da magariba na sauka ɗakin ɓerayen gwaji, da cikina wata biyar, ƙafafuna sun kumbura suntum. Allurar ƙarshe ta rage in tafi gida.

Bincikenmu a kan wani ɗan mitsitsin zare ne a cikin ƙwayar halitta, RNA. Ba ya gina komai, sai shisshigi: ya je ya toshe bakin ƙwayar gadon da ke mayar da tayi namiji. In muka yi wa ɓera mai ciki allurarsa, sai ta haifi 'ya'yan da jininsu na maza ne, jikinsu na mata.

Dokar Farfesa, shugaban bincikenmu, ɗaya ce: ɓeran da ba shi da lamba a kunne, kada a taɓa. Goma sha biyu na bari a kejin. Na ƙirga, goma sha uku. Ta ƙarshen baƙa ce wuluk, cikinta ƙato, kunnenta ko huda babu. Wallahi na gaji. Na ce lambar ce ta faɗi. Ko bismilla ban yi ba, na soka.

Ba ta yi tsuwa ba. Ajiyar zuciya ta yi, irin ta mutum.

Fanka ta tsaya. Ɓeraye ɗari uku suka yi tsit. Zarnin fitsari ya ɓace, ƙarnin ɗakin haihuwa ya taso.

"Baiwar Allah," wata murya ta raɗa a kunnena. "Shekara ɗari ina jiran ɗan nan."

"Ki yi haƙuri, Iya. Ban sani ba."

"Warware abin da kika yi."

"Ba ya warwaruwa."



"To, mu raba asarar."

Yatsa mai sanyi ya taɓa ƙasan cibiyata. Na ji suka, kamar ta allura.

Ban san yadda na fita ba. A kan matakala maigadi ya tsince ni, babu takalmi. Washegari ɓeraye goma sha biyu ne a kejin.

Bayan sati biyu likita ta daɗe tana kallon na'urar hoton ciki.

"Gwajin jini ya ce namiji," in ji ta. "Amma hoton nan..."

Ban bari ta ƙarasa ba. Sau arba'in na rubuta wannan jimlar da hannuna a littafin gwaji: jinin namiji, jikin mace.

Na kasa gaya wa maigidana. Kullum ya dawo aiki sai ya dafa cikin yana dariya, ya ce, "Ina yarona?"

Cikin ya daina motsa masa.