Jakar Jidda ta Hajiya Gumsu

"Inna, me ya sa jakar Hajiya take warin rumfar Kaka?"

Fatu ce ta yi tambayar, 'yar Tasalla mai shekara biyar, tana tsugune ta kafa hanci a jikin jakar. Tasalla ta harare ta, amma magana zarar bunu ce.

Hajiya Gumsu, matar ɗan kwangilar unguwar, ta zo duba jinjirin Tasalla ne, mako biyu bayan suna. Jakar tata kuwa duk Kazaure an san ta. Baƙar fatar kada ce, ɗinkin Italiya, da maɓalli ruwan zinare. A Jidda ta saye ta, kuɗin bijimi guda. Shekarar Udoji ce, da aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi kuɗi suka yawaita, kowace mace so take a gan ta da jaka, ko da goro kaɗai ne a ciki. Wadda ba ta da hali sai ta ara. Tasalla ma ta ara ranar suna.

Hajiya ta ɗaga jakar ta sunsuna. Damina ce, iska ta yi laima, warin bagaruwar jima ya taso. Ta sa farce ta karce gefe. Baƙin rini ya ɓare, fatar akuya ta leƙo.

"Wannan ba jakata ba ce."

Ƙanwarta Yagana, wadda ke zaune a gidanta tun mutuwar aurenta, ta gyara mayafi. "Yaya, ai wannan ba sai an je wajen mai duba ba. Wa ya ara ƙarshe? Kuma 'yar wa ce?"

Tasalla 'yar Lauwali baduku ce, tsoho mai ɗinkin fata a bakin kasuwa. Kafin la'asar leburorin Alhaji, mijin Hajiya, sun ja shi daga rumfarsa, sun lakaɗa masa duka, sun kai shi caji ofis.

Washegari Tasalla ta goya jinjirinta ta nufi caji ofis, ko arba'in ba ta yi ba. Saje Dunoma, wani dogon Babarbare marar yawan magana, ya dube ta, ya dubi goyon, ya tura mata benci. Jakar tana kan teburinsa.

"Yaushe kika karɓa?"

"Da safen suna, ranka ya daɗe. Yagana ce ta kawo."

"Kika mayar?"

"Bayan kwana uku."

"Kwana uku sun ishi baduku."

"Ba su isa ba. Sai an zana fata da ƙarfe mai zafi, a rina, a shanya, a sake rinawa. A gidan baduku na tashi." Sannan ta faɗi abin da ta ɓoye wa kowa. "Kifa ta, ka dubi gindinta ta hagu. Akwai ƙuna kamar ƙwayar gyaɗa. Ranar suna da hantsi Dela ungozoma ta yi tuntuɓe da kaskon wuta, garwashi ya faɗa kai. Na ji tsoron Hajiya, na shafe wurin da kwalli."

Saje ya kifa jakar, ya goga yatsa. Yatsan ya yi baƙi, ƙunar ta fito. Ya aika aka zo da Dela.

"Ni na zubar da wutar," in ji tsohuwar. "Ni ma na ce mata ta rufa mana asiri. Da tsufana zan je in durƙusa wa jaka?"

Saje ya daɗe yana juya jakar. In a kan wannan garwashi ya faɗa da hantsin suna, to jabun aka kawo wa Tasalla tun farko.

Binciken Shatu, wadda ta ari jakar kafin Tasalla, bai ɗauki lokaci ba. Yini ɗaya ta yi da jakar a gidan biki, Hajiya da kanta tana wurin, a hannunta ta karɓe kafin magariba.

Aka fito da Lauwali daga bayan kanta. Hannunsa na dama ya kumbura har wuyan hannu, yana riƙe da shi a ƙirji. Tasalla ta sunkuyar da kai.

"Baba, dubi ɗinkin," ta ce.

Tsohon ya karkata jakar wajen haske da hannun hagu. "Zaren ya kwanta ta baibai. Bahago ne ya yi. Daga nan har Gwiwa bahago ɗaya ne mai hannu haka. Daudu na Roni."

A bayan motar 'yan sanda Tasalla ta shayar da jinjirin har Roni. Sun sami Daudu yana ɗinka gidan wuƙa, basilla a hannun hagu. Bai yi musu ba, fuskarsa ma har da alfahari.

"Aikina ne. Ya yi kama, ko?"

"Wa ya sa ka?"

"Wata mace, a lulluɓe. Ban tambayi sunanta ba, matar mutane ce. Ta ce kishin kaya take, tana son ta biyu don zuwa ƙauye. Ta kawo maɓalli daga Kano, ta bar mini ta ainihin ina kallo."

"Kwana nawa?"

"Takwas. Farkon shuka ne, don ina ɗinki yara suna gona."

Tasalla ta ɗago kai. Farkon shuka yayan Hajiya ya rasu a Babura. Hajiya ta tafi zaman makoki, ba ta dawo ba sai bayan sadakar bakwai. Mace kuwa ba ta shiga gidan mutuwa da jakar ado.

"Ranka ya daɗe," ta ce a hankali, "buɗe ta, ka sunsuna ciki."

Saje ya buɗe. Bai buƙaci a faɗa masa ba. Humra ce, haɗin Barno, irin wadda ya tashi yana ji a ɗakin mahaifiyarsa.

A zauren Alhaji aka yi ta ƙarshe. Hajiya na zaune, Yagana na tsaye bayanta.

"Hajiya, kina sa wa jakarki turare?"

"Allah ya kiyaye. Mai kantin a Jidda ya gargaɗe ni, turare na cin fata. Duk mai ara sai na ja mata kunne."

"Wa ke haɗa humra a gidan nan?"

"Yagana."

"Da kika tafi Babura, wa ya riƙe makullin ɗakinki?"

Hajiya ta juya ta dubi ƙanwarta.

"Na je makokin ai," in ji Yagana. "Yayana ne ni ma."

"Kin je ranar uku, kin dawo a ranar. Kika ce zazzaɓi," in ji Hajiya.

Saje ya yi bayani ba tare da ɗaga murya ba. Kwana takwas jakar ta yi a Roni, kuma sau ɗaya tak ta taɓa yin kwana takwas ba wanda ya neme ta. Da jabun ta zo tana warin jima, sai aka yi mata abin da macen gidan Barebari ke yi wa duk abin da ke wari, aka jiƙa shafin cikinta da humra. Ƙamshin ya riƙe wata guda. Da ruwa ya zauna, fatar akuya ta sha laima ta fi ƙarfinsa.

"Daudu yana mota a waje. Bai ga fuska ba, amma ya ce zai gane murya."

Yagana ta zame ta zauna a ƙasa. Jakar ta ainihi ta sayar wa wata dillaliya a Kano, ta ce. Shekara huɗu tana riƙe wa yayarta jaka a gidan biki, ana ce mata ta matsa kada ta tare hoto.

Hajiya ta roƙi Saje a bar maganar a cikin gida, jini ɗaya ne. Ba ta tambayi lafiyar Lauwali ba.

An sake shi da yamma. Mai ɗori ya ce yatsu uku sun karye, biyu ba za su sake lanƙwasa ba. Rumfar bakin kasuwa ta zama ta mai gyaran keke. Har ya rasu, Tasalla ce ke gutsura masa tuwo.

Ke mai karatu, musamman in kina da 'ya'ya mata: abin da gidanku bai iya saye ba, kada ki aro shi don yini ɗaya. Ranar da ya ɓace, ba a gidan masu shi za a fara nema ba. A naku za a fara, kuma mafi rauni a cikinku za a fara kamawa.